Takardar Warkewa

Goggo ta daki teburin likita.

"Kun yanke min nono, kun cusa roba, yau kuma ka ce robar ce ta jawo wani ciwon dajin? Sai kotu! Ga takardar da kuka aiko shekara huɗu da suka wuce, wai na warke sarai!"

Likita ya warware ta, ya karanta.

"Mama, wannan kira ne. An gano haɗari a robar, aka ce ki zo a duba ki. Wa ya karanta miki?"

"Malam mana!"

Ta waiwayi mijinta, wanda shekara arba'in biro bai bar aljihunsa ba.

Ya sunkuyar da kai.

"Ban iya karatu ba, Hajiya. Kunya na ji."