Harafin Ƙarshe a Allon Baba

"Gyara shi," in ji yayanta, yana ƙwanƙwasa gilashin kwamfutar da farce. "Harafin ƙarshen nan ya zame, har ya ci zanen gefe. Danna abin da ke jera su."

Kwana uku ta yi tana bin hoton allon shagon marigayi mahaifinsu, lanƙwasa bayan lanƙwasa, don a buga sabo. Ta danna. Haruffan suka miƙe kamar sojoji, allon ya koma na baƙo. Nan take ta mayar da shi yadda yake.

"Ke, ni kike wa taurin kai?"

"Ba zan miƙar da shi ba, Yaya. Ka kai wa wani."

"Kuskure ne fa. Hannun Baba ne ya yi rawa."

Ta ƙara girman harafin har ya cika gilashin, koɗaɗɗe, a karkace.

"Hannun Baba bai taɓa rawa ba. Ya ce kai ka rubuta wannan, kana kan wuyansa. Shekara talatin yana sabunta fentin sauran, bai taɓa shi ba."

Yayan ya janye farcensa a hankali.