Randar da Aka Hana Zufa

Ka ga irin abin da ake yi mini a garin nan. Mutum kamata, wanda ake tasowa daga unguwanni don a ji bakinsa, ka zaunar da ni ka miƙo mini ruwan jarka mai ɗumi kamar na wankan jariri, sannan wai in koya maka yadda za ka hana matarka mita. Ba komai, na saba. Matso ka ji.

An yi wani mai fenti da ke son tsohuwarsa kamar ransa. Azumi ya faɗo a tsakiyar bazara, ita kuwa tsohuwa in an kira magariba ba ta neman kunu, ba ta neman ƙosai, sai moɗa ɗaya daga randarta, ruwan da har haƙora ke amsawa. Ran nan ya shiga gaishe ta, ya ga jikin randar ya yi naso, yashin gindinta jiƙe sharkaf. Abin ya ba shi tausayi: ga wahalar jan ruwa a rijiya, ga randa tana zubarwa. Ya ce mata zai gyara. Ya juye ruwan, ya shanya randar, ya shafe ta da koren fenti mai mai, ya sake shafawa, har da zanen fure a wuya. Da ta bushe aka cika ta. Ko ɗigo ba ta ƙara zubarwa ba.

Magariba ta yi, tsohuwa ta kurɓa, ta ɗan riƙe ruwan a baki, ta haɗiye, ta sa masa albarka. Ruwan kuwa ɗumi salam. Sai da ya gan ta wata yamma tana lallaɓawa gidan maƙwabta da moɗa a ƙarƙashin mayafi, ya tare ta. Ta ce, "Ɗan nan, randa da zufa take sanyi. Ɗan ruwan da ke tsattsafowa shi ke fito da zafin, iska ta ɗauke. Ka toshe mata jiki, ta ina zafin zai fita?" Ya koma da wuƙa yana kankare fentin, amma fentin ya riga ya shiga ƙasar randar. Yana cikin kankara randa ta tsage, randar da tsohuwa ta zo da ita gidan tun tana amarya.

To, 'yar mitar nan da matarka ke yi maka, zufarta ce. Bar ta ta fitar, gidanka ya yi sanyi. Kai kuma tashi ka nemo mini ruwan kirki, na faɗi magana mai tsada a kan ruwan jarka. Hausawa dai sun ce, garin neman gira a rasa ido.