Moɗa Biyu a Bakin Randa

Karo na uku ke nan shugabar makarantar tana tarar da moɗa biyu a bakin randar ɗalibai, sabuwa a kan murfi, tsohuwa lotsattsiya ɗaure a gefe. Ta fizge tsohuwar, ta nufi mai gadi.

"Baba, wa ya mayar da wannan?"

"Ni ne, ustaza."

"Shekara guda na yi ina fama da iyaye kafin 'ya'yanmu su zauna benci ɗaya da na Larabawa. Na hana a zagi yaro da Fallata, sunan rainin da ake kiranmu da shi a ƙasar nan. Kai kuma, Bahaushe ɗan'uwana, kake warware mini?"

Tsohon ya ce, "Ranar da kika bar guda ɗaya, da ƙishi yaranmu suka wuni. Ba wanda ya hana su sha. Amma duk ɗanmu da ya sha, ɗan Larabawan da ke bayansa sai ya ɗauraye moɗar sau uku. Sun gwammace ƙishin."

Ta wurga moɗar bayan katanga, ta koma ofishin malamai tana huci. Zafin garin Gadarif ya busar mata da maƙogwaro. Ga randa, ga kofin da kowane malami ke sha da shi. Hannunta ya zarce cikin jaka, ya ciro ɗan kofin silbar da mahaifiyarta ta ba ta ranar da ta shiga aji ɗaya, shekara talatin da suka wuce, don kada ta taɓa moɗar makaranta.

Sai da ta kai shi baki ta hango tsohon a bakin ƙofa, yana kaɗe ƙasa daga moɗar.