Tsohon da Ya Tare Rana

Ana buga ƙararrawar haikalin Buddha, rana ta fara ɓullowa daga tekun birnin Busan, kowa ya ɗaga waya sama don ɗaukar hoto. Sai wani tsoho ya miƙe a gaba, ya tare komai.

"Kaka, zauna mana!" in ji wata budurwa. "Ƙeyarka muka zo ɗauka?"

Tsohon ya ƙyalƙyale da dariya. Ƙafafunsa na rawa, amma bai zauna ba.

Matarsa ta juyo, hawaye shaɓe-shaɓe. "'Yata, ƙara faɗa! Tun da ɓarin jikinsa ya shanye muke roƙonsa ya tashi. Yau aka fara ce masa ya zauna."

Sai a lokacin budurwar ta ga keken guragu a bayansa, ba kowa a kai. Ta ƙyale rana, ta ɗauki hotonsa a tsaye.