Mitar Labbo da Wayar Jabir

"Akwatin ashana ne wanga, ba na'ura ba!" in ji Jabir, yana nuna ɗan abin da ke ɗaure a kan keken Labbo. "Mi ya sani ban da ƙirga juyin taya?"

"Shi dai rana ba ta kashe shi," in ji Labbo. "Ba ya neman sabis. Kuma ba a kirana ta cikinai a ce in sawo tattasai ina tsakiyar hawan tudu."

A rumfar Maiwada mai gyaran keke ake wannan, a bakin kasuwar Jega. Maiwada shi ne shugaban ƙungiyar 'yan tseren keke ta garin, kuma keken tsere ɗaya tak ƙungiyar ta mallaka, ga shi can rataye a sama, ja, ba nauyi kamar kara. Mutum ɗaya zai hau shi a gasar Birnin Kebbi. Aka ba Labbo da Jabir mako guda, wanda ya fi cin hanya a atisaye shi ne mai keke.

Labbo ya dogara da mitarsa. Jabir ya ce shi wayarsa ta ishe shi, don ita har zanen hanyar da mutum ya bi take yi.

Ranar hukunci ke nan, kuma rumfar ba ta zaunuwa. Baba Sabo mai kifi, wanda ke zaga kasuwanni yana kiran "ɗanyen kihi" a kan wani keke da ya girmi kowa a wurin, ya kawo faci. Ya jingine keken da kwandonsa a rana, ruwa-ruwa na ɗiga daga gindin kwandon, ƙudaje sun yi masa rawani. Shi kuwa ya samu benci yana gyangyaɗi abinsa.

"A sallami tsoho tukuna mana," in ji Jabir cikin ladabi. "Bai kamata babba ya jira yara ba."

"Ya jira," in ji Maiwada, yana toshe hanci da gefen riga. "Ku kawo in gani."

Labbo ya fara. Ya taho yana tafiya a wawware kamar mai sabuwar kaciya, don cinyoyinsa duk sun saɓule. Wuyansa ya ƙone, leɓɓansa sun tsage. Lambar da ke fuskar mitar ta sa 'yan ƙungiya suka matso suna leƙe, don yawanta.

Jabir ya yi dariya ta hanci, irin ta wanda ya taɓa kwana biyu a Abuja.

"Shugaba, ko ni in na kife keke a tsakar gida na yi ta juya taya da hannu, haka za ta nuna. Ina shaida? Wa ya gan shi?"

Ba wanda ya gan shi. Labbo hanyar gonakin Jandutsi yake bi, inda ba kowa sai shanu. Wani ya yi tsaki, wani ya tofar da yawu kusa da ƙafarsa.

Sai Jabir ya zaro wayarsa daga cikin leda biyu, saboda gumi in ji shi, ya miƙa ta da yatsu biyu. Fatarsa sumul, wai man shafawa ne mai kyau.

Hanya kuwa ta fito raɗau. Jan layi ya tashi daga bakin gulbi da sassafe, ya miƙe Aliero. Washegari Maiyama. Wata rana har Mungadi. Ba gudu sosai, amma ba fashi. A kowace kasuwa layin kan tsaya ya daɗe yana 'yan kewaye-kewaye.

"Nan ruwa nike sha," in ji Jabir.

Fuskar wayar ta yi danƙo, ta ƙi gogawa. Maiwada ya lashi babban yatsansa ya murza. Ta motsa kaɗan. Ya sake lasa, ya sake murzawa. Ƙudaje uku suka baro kwandon Baba Sabo suka sauka a kan taswirar, daidai Aliero. Kyanwar rumfar ma ta zo tana goga kai a aljihun Jabir, ya ture ta da ƙafa.

"Lalle lambarka ta fi ta Jabir, Labbo," in ji Maiwada, "amma lamba ba ta magana. Wagga kuwa ga ta ga hanya. Ban zaci haka daga gare ka ba, wallahi. Tir."

Ya hau kan benci ya sauko da jan keken da kansa, ya share sirdin da hularsa. Labbo ya juya baya, ya durƙusa yana kwance mitarsa. Shekara guda yana mafarkin wannan sirdi.

Motsin bencin ya ta da Baba Sabo. Ya yi hamma, ya soshe gemu da hannun da yake kama kifi, ya dubi taron bai san kan zancen ba.

Maiwada, cikin jin daɗin ya yanke hukuncin adalci, ya sake kai yatsa baki don ya nuna wa tsohon taswirar. "Baba, kai da ka tsufa bisa keke, raba mu gardama. Da mita da waya, wacce ta fi?"

"Waya mana, ɗana," in ji Baba Sabo. "Wagga ta hannunka da Jabiru ka cusa mani ƙarƙashin kihi kullum da sahe, har kiran salla take yi mani bisa hanyar Maiyama."