Babba da Ƙarama

Kafinta yana buga sabon allo a ƙofar ofishin da ke kallon nata lokacin da Babbar Dakta ta hawo bene. Ba ta tsaya ba, amma ido ba ya neman izini. Farfesa, Shugabar Sashe. Fentin ma bai gama bushewa ba.

Ɗalibai ne suka raɗa musu sunayen, don su bambanta mata biyun da ke koyar da ilimin tsirrai a baranda ɗaya: Babbar Dakta da Ƙaramar Dakta. Yanzu Ƙarama ta zama Farfesa. Babba kuwa tana nan inda take, kamar turken da aka manta a fili.

Ta san yarinyar nan tun ba ta san bambancin ganye da fure ba. Ita ta fara nuna mata yadda ake danne ganye a tsakanin takardu ya bushe bai kakkarye ba. Yau ga shi yarinyar ake gayyata taro a ƙasashen waje, ita ɗalibai ke yi wa layi har bakin matakala. Wasu ma sukan leƙo ofishin Babba su ce, "Dakta, don Allah a ara mana kujera." Takan ba su. Takan kuma ji ƙarar jan kujerar har cikin haƙoranta.

A ɗakin shan shayi na malamai, malamin ƙididdiga da kowa ke kira Kawu ya tare ta da fara'a.

"Dakta, ina tukuicinmu? Ko sai mun kai ƙara?"

"Wanda aka ƙara wa girma shi ke ba da tukuici, Kawu."

"Haba! Ai abin na gida ne."

Aka yi dariya. Ita ma ta yi, gwargwadon yadda ya kamata. Ta yi ta juya cokali a kofi har shayin ya huce.

Dokar jami'ar ba ta da kwana. Malamin da bai kai Farfesa ba, idan shekarunsa suka cika, sai ya kwashe kayansa. Farfesa kuwa ana ƙara masa wa'adi. Shekarun Babba bana za su cika. Ta miƙa takardunta na neman ƙarin girma, ta kuma san ba su da nauyi. A lokacin da sa'o'inta suke rubuce-rubuce suna bugawa, ita tana fama da goyo, da jinyar miji, da azuzuwan 'yan shekarar farko waɗanda kowa yake gudu saboda yawansu. Ba a ba da maki a kan waɗannan.

Kafin a rufe karɓar takardu, Ƙarama ta shigo mata wata safiya, ta tsaya daga bakin ƙofa. Ta ce tana da bincike da zai fito, kuma da busassun ganyayen da Babba ta tara shekara da shekaru aka yi shi, don haka tana so ta sa sunan Babba tare da nata a kai.

Babba ba ta ɗago daga takardun jarrabawar da take dubawa ba.

"Ban kai ga cin sadaka ba tukuna, Farfesa."

Binciken ya fito da suna ɗaya. Har a rediyo an yi maganarsa.

A al'adar kwamitin ƙarin girma, shugaban sashe shi ke gabatar da takardun malamansa, shi ke kare su, ya cike giɓi da baki. Takardun da ba su samu mai tsaya musu ba, ko a teburin suke mutuwa. Ranar zaman, Babba ta bar ƙofarta a buɗe kaɗan. Ta ga wucewar Ƙarama da safe, rungume da fayil-fayil, na Babba shi ne mai shuɗin bango a ƙasa. Zuciyarta ta so ta yi addu'a, girman kai ya riƙe mata harshe.

Rana ba ta take ba sai ga Ƙarama ta dawo ita kaɗai, hannu wofi, alhali ana can ana ci gaba da zama. Ta shige ofishinta ta rufe.

Kawu ne ya kawo labari bayan an tashi, wannan karon ba raha a bakinsa.

"Ana kiran sunanki ta miƙe ta fita. Mataimakinta ya karanta takardun kamar mai sanarwar rasuwa. Suka ce rubutun bai kai ba."

"Ba ta ce komai ba?"

"Ai ba ta da halin cewa, Dakta. Kin sani."

Ta sani. Amma sani bai taɓa hana ciwo ba. Ta kuma ji cewa a zaman nan dai, saboda wani matashin malami da ya zo jiya-jiya, Ƙarama har tebur ta buga sai da aka ba shi abin da yake nema.

Babba ta aika aka kawo mata kwalaye. Ta sauke littattafai, ta naɗe tsofaffin zane-zanen saiwoyi da ke bango, ta ba sakatariya tukwanen shukar da ke taga. Tana ɗaure kwali na ƙarshe ta ji an turo ƙofa. Sai ta miƙe tsaye, kamar yadda ƙaramin ma'aikaci yake yi wa shugabansa, ta miƙa makulli da hannu biyu.

"Ranki ya daɗe, ga ofis. A ba wanda ya iya rubutu."

Ƙarama ba ta karɓa ba. Ta mayar da ƙofa ta rufe, ta cire takalmanta, ta durƙusa har ƙasa a tsakanin kwalayen, idanunta sun yi ja.

"Umma, ki gafarce ni," ta ce. "Doka ba ta bari mutum ya zauna a kan takardun wadda ta haife shi."