Shimfiɗa a Kan Buhuna

"A ware mijinki a ɗaki shi kaɗai," in ji likita ta waya. "Asibiti babu gado."

Matar ta tura ƙofar ɗakin baƙi, ƙofar ta cije a rabi. Buhunan shinkafa da jarkokin mai sun kusa taɓa rufi. Tun ranar da aka sanar da annobar mijinta yake jido, yana bangaje mutane a kanti. Gadon ɗakin ma shi ya kwance ya fitar, don kaya su samu wuri. Da maƙwabciyarsu ta zo neman kwano ɗaya, cewa ya yi, "Baiwar Allah, mu ma lallaɓawa muke yi."

Ta jera buhuna a ƙasa, ta shimfiɗa zane, ta kwantar da shi.

"Kin gani ko?" ya ce yana haki. "Gidan nan ya fi ƙarfin yunwa."

Ko cokali ɗaya bai iya haɗiyewa ba.

Bayan ma'aikatan lafiya sun tafi da gawarsa, ta ƙwanƙwasa wa maƙwabciyar. "Yaya, zo ki ɗauki buhu guda."

"Allah ya ji ƙansa," aka amsa daga ciki, ba a buɗe ba. "Amma an ce a kai ya cika."

Ta koma ɗakin. Shatin jikinsa na nan kwance a kan buhunan. Yara na kiran yunwa a falo, ita kuwa ta tsaya da wuƙa a hannu, ta rasa ta inda za ta farke: ta wajen kansa, ko ta wajen ƙafafunsa.